Ƙanwar mijina ta ɗora hotona ina kan gadon asibiti

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, shekarata 27, aurenmu shekara huɗu. Sau biyu ina yin ɓari, shi ya sa da na samu ciki na uku muka yi shawara da maigida mu yi shiru har sai ya yi ƙwari. Hajiyarsa kaɗai ya faɗa wa, don ta sa mu a addu'a. Ba a rufa mako ba na ga ƙanwarsa ta ɗora hotona na biki a sitatus ɗinta na WhatsApp, ta rubuta “Allah Ya raba lafiya, Antinmu.” Na haɗiye ban ce komai ba. Watan jiya na haihu, tiyata aka yi mini. Ban gama farfaɗowa ba, kaina ba ɗankwali, ga ƙarin ruwa a hannuna, ta ɗauke ni hoto da jaririn ta sa a sitatus da guruf ɗin danginsu. Mahaifiyata tana Funtuwa, a wayar maƙwabciyarta ta fara ganin jikanta. Tana ce mini ba komai, amma na san ta ji ciwo. Da na yi wa maigida magana sai ya ce murna ce, yarinya ce, shekararta 20 kacal, in bar zancen. Yanzu kullum tana gidanmu da waya a hannu, ko wanka ake yi wa yaron sai ta ɗauka. Ina tsoron baki, ina kuma tsoron a ce na tsani dangin miji. Har na fara sa mata habaici a nawa sitatus ɗin. In toshe ta ne, ko in kai ƙararta wurin Hajiya? Ko dai ni ce na cika tsanani?

Mai jego, daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah Ya raya mana shi, Ya ba ki lafiyar shayarwa, Ya sa ɗinkin nan ya warke sumul.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, don na lura ita ce take hana ki barci. Ba ki cika tsanani ba. An taɓa miki abu mai girma har sau biyu, kuma ciwon da kike ji yana da dalili. Matar da ta yi ɓari sau biyu ta san abin da take gudu in ta ce a yi shiru. Ta san yadda ake ji idan an gama yi mata murna, sannan bayan wata ɗaya ta shiga gidan suna, wata ta dubi cikinta ta ce “ya nauyin jiki?”, ita kuma ta rasa ta inda za ta fara. Duk wanda ya ji labarin samun ciki, in Allah Ya ƙaddara zubewarsa dole a kai masa wannan labarin ma, kuma ke ce za ki yi ta maimaitawa da bakinki. Shirun da kuka zaɓa ke da maigidanki garkuwa ce kuka yi wa zuciyarki. Ƙanwarsa ta ɗauke garkuwar da layi ɗaya, ba ta ma san nauyin abin da ta ɗauke ba. Alhamdu lillahi, wannan karon Allah Ya tsare, amma hakan bai wanke abin da ta yi ba.

Na asibitin ya fi muni. Macen da aka fito da ita daga ɗakin tiyata, allurar kashe zafi ba ta gama sakinta ba, ba ta cikin halin da za ta ce i ko a'a. A irin wannan sa'ar aikin 'yan'uwa shi ne su ja mata zane, su rufe mata kai, su ja labule. Amana ce take kwance a gabansu.

Sai maganar mahaifiyarki, wadda ta tsaya mini a rai tun da na karanta wasiƙarki, domin na taɓa ganin irinta a gidanmu. Shekarun baya ina tsaye a kasuwa ina jiran mai inji ya gama mini markaɗe, na ciro waya in rage jira. Sitatus ɗin wani ɗan ƙanwar mahaifiyarmu na buɗe, sai ga hoton kawuna, yayan Inna, cikin farar rigarsa ta sallah, a ƙasa an rubuta Innalillahi. Injin yana ta ƙara, mai markaɗe yana tambayata ko a ƙara ruwa, ni kuwa abu ɗaya ne ya zo mini: Inna ba ta sani ba, tana da hawan jini, kuma gidan cike yake da jikoki masu riƙe waya. Na bar bokitin a nan na tari adaidaita sahu. Labarin ya riga ni isa. Wata jikarta 'yar shekara goma sha biyu ta shiga ɗaki ta miƙa mata waya ta ce, “Inna, ba Kawu ba ne wannan?” Na tarar da ita zaune a ƙasa kusa da buta, ko alwalar ba ta ƙarasa ba. Yaron da ya ɗora hoton yana son kawun nan kamar ransa, kuka yake yi lokacin da yake rubutawa. Son da yake yi masa bai rage wa Inna komai daga zafin yadda ta ji labarin ba.

A da in an yi rasuwa dattijo ake tashi. Ya je ya yi sallama, a gaisa, ya sha ruwa, sannan ya ce jikin wane ya yi tsanani, ya kamata ki shirya mu je. Kafin a isa ta gane, amma zuciyarta ta samu lokacin da za ta tsaya da ƙafafunta. Haihuwa ma haka. Akwai waɗanda ake fara aika wa, iyayen mai jego suna sahun gaba, sannan kakanni, sannan maƙwabta su shigo barka, a raba goron suna daga baya. Wannan jerantawar ita kanta girmamawa ce, domin wanda aka fara faɗa wa ya san matsayinsa a wurinki. Abin da mahaifiyarki ta rasa ke nan. Jikan nata yana nan, za ta goya shi in sha Allah. Amma maƙwabciya ta riga ta sanin cewa 'yarta ta sauka, kuma ta ga 'yar tata a kwance cikin halin da ita uwar ba ta gani ba. “Ba komai” ɗin da take ce miki kara ce irin ta iyaye.

Duk da haka ba na so ki ɗauki yarinyar nan maƙiyiya. Ban ga ƙiyayya a abin da kika rubuta ba. Wadda ta tsane ki ba za ta riƙa zarya gidanki kullum tana ɗaukar ɗanki ba. Abin da yake damunta shi ne ɗokin zama ta farko, a ce a wurinta aka fara gani, a yi ta aiko mata barka kamar ita ta haihu. Ki duba kuma lokacin da ta taso. A 2017 WhatsApp ya fito da sitatus irin wannan na hoto da bidiyo, lokacin tana ƙaramar yarinya. Ta girma tana ganin kowa yana ɗora abincinsa, kayan lefensa, takardar sakamakonsa, har majinyacinsa. An koya mata ta yi sallama a zaure, ta cire takalmi a bakin ɗaki, ta durƙusa ta gaida manya. Babu wanda ya zaunar da ita ya ce mata waya ma tana buƙatar sallama. Allah Ya ce a aya ta 27 ta Suratun Nur kada mu shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama ga masu gidan, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka koma. To ita da kanta an ba ta izinin shiga ɗakinki, 'yar gida ce. Mutum ɗari biyu ko ɗari uku da suke cikin wayarta fa, wa ya ba su? Da su take shigowa duk lokacin da ta ɗaga wayar nan.

Za ta iya ce miki ai sitatus ne, bayan awa 24 zai ɓace. Daga shafinta yake ɓacewa. Duk wanda ya gani yana iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa ya adana, kuma WhatsApp ba ya sanar da mai sitatus an yi hakan. Na guruf ya fi wuyar kamawa, saboda yawancin wayoyi suna sauke hoto da kansu su ajiye shi cikin ma'ajiyar hotuna ko mai wayar bai nema ba. Guruf ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024. Na danginsu ba zai kai haka ba, amma kowane mutum ɗaya a ciki yana da nasa guruf-guruf ɗin, na 'yan makaranta, na unguwa, na wurin aiki. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi magana saurin tafiya. Ina faɗa miki wannan ne don ki san iyakar abin da za a iya gyarawa: wanda ya riga ya fita za a rage yawonsa ne kawai, ƙarfinki ki sa shi kan wanda bai fita ba tukuna. Kuma hoton wanka nake so a fara tsayarwa, yau ɗin nan. Tsiraicin yaro tsiraici ne. Yaron nan zai girma, zai shiga makaranta, zai yi abokai, bai kuma ba kowa izinin yawo da hotonsa a cikin baho ba. A 2024 Faransa ta kafa doka ta musamman kan haƙƙin yara game da hotunansu, har iyayen da suka haife su ta ɗora wa nauyin kiyayewa. A nan gida ma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake tsananta kiyayewa. Ba cewa nake ki kai kowa kotu ba, Allah Ya kiyaye. So nake ki san abin da kike nema abu ne da hankali ya yarda da shi ko'ina. Ga kuma 'yan damfara da suke tsintar hoton majinyaci su haɗa da lambar asusunsu suna neman taimako da shi, ga halin tsaron da muke ciki a wannan yankin, inda bai kamata baƙo ya san fuskar yaro da fasalin gidansu daga waya ba.

Kin ce kina tsoron baki. Kambun baka gaskiya ne, hadisi ingantacce ya tabbatar da shi, kuma Annabi Yaƙub (AS) da kansa ya ce wa ɗansa Yusuf kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, kamar yadda ya zo a aya ta 5 ta Suratu Yusuf. Ki riƙa yi wa yaronki addu'ar da Manzon Allah (SAW) yake yi wa Hasan da Husaini, ta neman tsari da cikakkun kalmomin Allah daga kowane shaiɗan da abin cutarwa da mugun ido, safe da yamma, ki bar sauran ga Mai tsarewa. Amma shawarata ita ce kada ki gina maganarki da dangin miji a kan baki. Da zarar kin ce “ina tsoron baki”, abin da kunnensu zai ji shi ne “a cikinku akwai mai bakin”, daga nan an bar zancen hoto an koma zancen wa kike zargi. Wani kuma zai ce ai mun tofa masa addu'a, shi ke nan an rufe miki baki. Wani ma zai jawo miki ayar ƙarshe ta Suratud Duha, cewa ni'imar Ubangijinka ka ba da labarinta. Amsar wannan a fili take: wanda aka yi wa ni'imar shi aka ce ya faɗa, shi ne kuma ya san lokacin da ya dace. Hujjarki mai ƙarfi ita ce wadda ba a iya musunta ta: jikina ne, ɗana ne, labarina ne, a tambaye ni.

Yanzu bari in ja miki kunne, don ba zan ga kina shirin faɗawa rami in yi shiru ba. Habaicin nan ki goge shi, kada ki ƙara. Na san daga ina ya fito, mutum in an hana shi magana a ɗaki sai ta fita ta taga. Amma ki duba abin da kike yi: kina jin haushi an kai sirrin gidanki waje, ke ma kin ɗauki rigimar gidanki kin kai wajen. Ƙawayenki suna karantawa suna lissafin da wa kike, facalolinki suna karantawa, wata ta riga ta ɗauka ta tura wa wata. Ita wadda kike yi dominta ko dai ba za ta gane ba, ko ta gane ta rama, kuma ranar da za a zauna maganar, habaicinki za a fara ɗorawa a faifai, a manta da hoton asibiti. Kina da gaskiya a hannunki, kada ki sayar da ita da arha haka.

Maigidanki ne mabuɗin wannan al'amari, kuma a nan nake so ki fi ba da ƙarfi. Ki lura, labarin cikin ta hannunsa ya fita. Ya faɗa wa Hajiya da kyakkyawar niyya, wataƙila bai ce mata sirri ba ne, ko ya faɗa a inda kunnen yarinyar yake. Hadisi ya zo cewa idan mutum ya yi maka magana sannan ya waiga, maganar ta zama amana. Ku kuwa ba waige kawai kuka yi ba, alkawari kuka ƙulla. Da ya ce miki “murna ce, yarinya ce”, ina zaton abin da ya ji a maganarki shi ne kina so ya zaɓa tsakaninki da 'yar'uwarsa, namiji kuwa in ya hango wannan zaɓin gudu yake yi. Don haka ki sauya ƙofar da za ki shiga. Kada ki fara da “ƙanwarka”. Ki bari ya ci abinci ya huta, yaro ya yi barci, ki buɗe hoton nan na asibiti ki miƙa masa ki yi shiru ya kalla da kyau. Sannan ki ce masa, cikin sanyin murya: “Baban wane, wannan hoton yana wayar duk namijin da yake guruf ɗinku, yana kuma wayar duk wanda ya ga sitatus ɗinta, 'yan ajinsu da masu shagon da take sayayya. Ka yarda su ga matarka haka?” Ina kyautata zaton bai taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba. Shi ɗansa ya gani a hoton, murna ta rufe masa ido, bai ga matarsa ba ɗankwali ba.

In ya sauko, kada ki tsaya kan a ba ki haƙuri kawai, haƙuri ba ya hana gobe. Ki nemi abu takamaimai. A goge hoton asibiti daga wayarta da guruf ɗin, shi da kansa ya rubuta a guruf ɗin cewa duk wanda ya adana ya taimaka ya goge. Kada a ƙara ɗaukar yaro yana wanka ko ana sauya masa kaya, ko ke kina shayarwa. Kuma duk hoton da zai fita daga gidan nan, naki ko na yaro, sai an tambayi ɗayanku. Ya faɗe ta a matsayin dokarsa ta gidansa, da bakinsa, ba “Antinku ta ce” ba. Dokar kuma ta hau kan kowa, har ƙannenki da ƙawayenki in sun zo barka. Wannan sharaɗin na ƙarshe kada ki yi wasa da shi. In 'yar'uwarki ta ɗora hoton yaron kika yi dariya, ƙanwarsa ta ɗora kika ɓata rai, to kin tabbatar musu da zargin da kike gudu.

Bayan ya yi nasa, ke ma ki yi naki da yarinyar, ku biyu, ba a gaban kowa ba. Al'adarmu ta ba ki hanya mai sauƙi, domin tsakanin mace da ƙannen mijinta akwai wasa, ana faɗa wa juna gaskiya ba a ɗauka da zafi. Ki kira ta ɗaki, ki miƙa mata yaron ta riƙe, ki ce mata kin san duk gidan nan babu wanda ya kai ta ɗokinsa, kuma kina jin daɗin hakan. Sannan ki faɗa mata abin da ba ta sani ba. Ki ba ta labarin yadda kika ji bayan ɓarin nan biyu, da dalilin da ya sa kika so a yi shiru. Ki gaya mata a wayar wa mahaifiyarki ta fara ganin jikanta. Ki tambaye ta, ranar da za ta haihu, wa take so ya fara faɗa wa Hajiya? Yarinya 'yar shekara 20 tana da hankalin da za ta gane wannan in an yi mata magana kamar babba. Za ta iya yin fushi, ta ɗauke ƙafa kwana biyu. Ki bar ta, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Ki ci gaba da aika mata gaisuwa kamar ba abin da ya faru.

Kuma kada ki rufe mata ƙofa gaba ɗaya, domin wanda aka hana komai sata yake koyo. Ranar da yaro ya yi kwalliya kika ji ranki ya kwanta, ke da kanki ki zaɓi hoto ɗaya ki tura mata ki ce wannan ta ɗora in tana so. Ta haka za ta gane ba murnarta kike ƙi ba, tambaya kike so a yi. In kuwa ke da maigidanki kun yanke cewa fuskar yaron ba za ta hau intanet ba sam sai ya yi wayo, wannan ma haƙƙinku ne, akwai iyaye da yawa da suke yin haka, sai ku faɗa a sarari kowa ya sani.

Zancen kai ƙara wurin Hajiya, a'a. Uwa ba ta jin daɗin a kawo mata ƙarar 'yarta, ko da ta san 'yar ce ba ta da gaskiya, balle daga bakin suruka. Amma Hajiya za ta iya zame miki babbar mai taimako in ɗanta ne ya je mata da maganar. Matan zamaninsu su ne suka san ɓoye ciki har sai zane ya kasa rufe shi, su ne suka san mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, da yawansu ko sunan ɗan fari ba sa faɗa saboda kunya. In ya ce mata, “Hajiya, hoton iyalina ba lulluɓi yana yawo a wayoyin mutane,” ba na jin za ta buƙaci dogon bayani.

Toshe ta kuma ba zai amfane ki da komai ba. Hotunan suna wayarta, ƙafarta tana gidanki, abin da zai canza kawai shi ne ba za ki ƙara ganin abin da take ɗorawa ba, ga kuma sabon abin magana kin ba dangi. Gara ki tsare abin da yake fita daga hannunki. A saitin sitatus akwai inda za ki zaɓi mutanen da za su gani kaɗai, ki yi amfani da shi. In za ki tura wa wani hoton yaro, akwai tsarin gani sau ɗaya da WhatsApp ya kawo a 2021, hoton yana rufewa bayan an buɗe shi, ko da yake mai niyya yana iya ɗaukarsa da wata wayar, don haka wanda ba ki amince da shi ba kada ki tura masa ko ta wace hanya. Lokacin wanka ki shiga da yaro ɗaki ki saki labule, ke da mai taya ki kaɗai. In ta biyo ki da waya, ki yi murmushi ki ce, “Ajiye ta a falo ki zo ki riƙe mini tawul.” Sirrin da ba ki so ya fita nan gaba kuwa, ku yi shawara ke da maigida tun kafin ya bar ɗakinku: wa za a faɗa wa, yaushe, kuma a ce masa ƙarara amana ce. In bayan duk wannan ta sake, ba ke za ki yi faɗa ba. Ki nuna wa yayanta, shi ya san matakin da zai ɗauka a kan ƙanwarsa, ko da cewa ne wayarta ba za ta ƙara wuce falo ba.

Ki kula da kanki ma. Wata ɗaya da tiyata, ga rashin barci, ga shayarwa, ƙaramin abu ma yana zama dutse a ƙirji, balle wannan. In kin ga kuka yana yawan zuwa miki ba dalili, ko abinci ya fita ranki, ko kin kasa jin daɗin yaron, ki faɗa wa likita ko ma'aikaciyar jinya ranar da kika koma a duba ki bayan mako shida. Damuwar bayan haihuwa ciwo ne da aka sani, ana kuma maganinsa.

Saura mahaifiyarki. Wannan gyaran maigidanki ne ya kamata ya yi, ba a waya ba. In kin yi arba'in likita ya yarda ki yi tafiya, ya ɗauke ku ya kai ku Funtuwa da kansa, tafiyar ba ta da nisa daga Zariya. Ya durƙusa ya gaishe ta ya ce, “Mama, ni ya kamata in fara kiranki ranar nan, hankalina ne ya tashi da aka shiga da ita tiyata, har labari ya riga ni. A yafe mini.” Za ta ce ba komai, kamar yadda ta saba, amma wannan karon har cikin ranta ne. Ku wanke hoton yaron guda ɗaya a takarda, wanda ba a taɓa ɗora shi ko'ina ba, ku kai mata ta ajiye. Ki kwana biyu a ɗakinta in hali ya yi, ki bar wayarki cikin jaka, ta yi masa wanka da hannunta, ta dama miki kunun kanwa.